Maganin kwana uku ya rage a kwalbar, sun ce lokaci bai yi ba

Maman Biyu (Talata, 9:40 na dare)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san kan inshorar lafiya ya ba ni shawara, kaina ya ɗaure.

Ɗana mai shekara 9 yana da farfaɗiya. Shekara biyu ke nan yana shan levetiracetam na ruwa, mil 5 da safe mil 5 da dare, kwalbar mil 300 tana kai mu wata cif. Kwanakin baya ya faɗi sau biyu a mako guda. Washegarin ranar da na karɓo sabuwar kwalba muka ga likitarsa, ta ɗora shi a sikeli, ta ce ya ƙara nauyi maganin ya yi masa kaɗan, ta mayar da shi mil 7 da rabi sau biyu a rana. Alhamdu lillahi tun daga ranar bai sake faɗuwa ba.

Yau kwana 17 da karɓo kwalbar. Da na ba shi na dare na ɗaga ta a haske, abin da ya rage a gindinta bai wuce mil 50 ba. Ɗazu da rana na je kantin magani, yarinyar da ke kan kwamfuta ta ce an ƙi, wai lokaci bai yi ba, in dawo bayan kwana shida. Na kira kamfanin inshora, na fi minti 40 riƙe da waya a kunne, da aka ɗauka aka ce in koma kantin. Kantin suka ce ba daga wajensu ba ne. Asibiti kuma suka ce likitar sai Alhamis take ganin marasa lafiya. Ranar Asabar da safe ba ni da abin ba shi. Ya zan yi?

Hajiya Kaka (9:46)

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki 'yata, akwai masu sani a nan, yanzu za su shigo.

Ɗan Auta (9:51)

Anti, me zai hana ki mayar da shi mil 5 ɗin da yake sha a da, don ya ja ki kwana shidan? Tunda dai ya saba da shi.

Anti Famasis (9:58)

A'a ƙanina, kada ta yi. A kan mil 5 ɗin ya faɗi sau biyu, shi ya sa aka ƙara. Kuma ko ta yi ba zai kai ba, mil 50 a kan mil 10 a rana kwana biyar ne. Maganin farfaɗiya ba a rage shi ko a yanke shi sai da izinin likita, domin yankewa farat ɗaya na iya jawo faɗuwa mai tsawo wadda ba ta tsayawa da kanta.

Maman Biyu, tambaya ɗaya. Ranar da likita ta ƙara, ta ba ki sabuwar takardar magani, ko a fayil ɗinsa kawai ta rubuta?

Maman Biyu (10:01)

A fayil ta rubuta, ta kuma rubuta min a 'yar takarda don kada in manta. Ta ce tunda akwai magani a gida ba sai ta ba ni wata ba.

Anti Famasis (10:14)

To nan ne gizo yake saƙar. Kamfanin inshora ba su san an ƙara ba, kantin ma ba su sani ba. Abin da ke gabansu shi ne: an ba yaro mil 300, yana shan mil 10 a rana, kwana 30. Kamfanoni da yawa ba sa barin a sake karɓa sai an cinye wajen kashi 75 cikin 100 na kwanakin, wato kusan rana ta 23. Ke kin je rana ta 17, shi ya sa aka ce kwana shida. Lissafin daidai ne a kan tsohuwar takarda, sai dai tsohuwar takardar ce ba daidai ba yanzu.

Gobe da sassafe ki tafi asibiti, kada ki jira Alhamis. Ba lallai sai likitarsa ba. Duk likitan da ke bakin aiki a sashen zai iya buɗe fayil ya ga abin da ta rubuta ya ba ki sabuwar takarda. Ki tabbatar an rubuta ƙarfin maganin, miligiram 100 a kowane mil, an rubuta mil 7.5 sau biyu a rana, da jimillar wata, mil 450. Idan kin kai kantin kada ki tsaya a kan mai karɓar takarda, ki ce kina son ganin famasis ɗin da kansa, ki faɗa masa an canza adadin da yaro ke sha ne. Akwai hanyar da muke sanar da kamfani hakan, sau da yawa nan take take buɗewa.

Baban Yara (10:20)

Ni fa shawarata ki sa kuɗinki ki saya kawai. Ran yaro ya fi ƙarfin wannan jeka-ka-dawo. Ni na daina bi ta kansu tuntuni.

Maman Biyu (10:24)

Yaya, da da hali da ban rubuto ba. Kuma kowane wata ana cire kuɗin inshorar nan daga albashin babansu.

Nas Ɗin Dare (10:33)

Baban Yara, saye da aljihu yana nan a matsayin mafita ta ƙarshe, ban ƙi ba. Amma ko saye za ta yi sai da takardar likita, kuma idan ba a gyara bayanan ba wata mai zuwa ma haka za ta tarar.

Maman Biyu, idan kin zo asibiti kada ki shiga layin masu jiran ganin likita, za ki wuni. Ki nemi sistar da ke kula da sashen, ki nuna mata kwalbar da idonta. Gani ya kori ji. Ki riƙe 'yar takardar da likita ta rubuta miki, ita ce shaidarki. Sannan don Allah, ko da maganin bai yanke ba, kowa a gidan ya san wannan: idan ya faɗi a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa komai a baki, a duba agogo. Ya wuce minti 5 bai tsaya ba, asibiti kai tsaye.

Maman Biyu (Laraba, 2:15 na rana)

Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Na yi yadda kuka ce. Sistar, Allah ya saka mata, ta kama hannuna har ofishin wani likita, ya rubuta sabuwar takarda. Na kai kantin, famasis ɗin ya fito da kansa, mutum mai kirki. Ya shigar, maganar lokaci ta wuce. Sai wani sabon abu ya fito. Ya juyo min da fuskar kwamfutar na gani da idona: adadin ya wuce abin da aka yarje a wata, kuma na ruwa ga yaro mai shekarunsa sai da amincewar kamfani tukuna. Wai ƙwaya za su biya ba tare da tambaya ba.

Yaron nan ba ya iya haɗiye ƙwaya. Mun gwada bara, ya shaƙe, ya amayar, tun daga nan ko ganin ta ya yi sai ya datse baki. Shekara biyu suna ba mu na ruwan ba su ce komai ba, sai yau?

Baban Yara (2:22)

Kin gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Da gangan suke yi. Su wahalar da kai har ka gaji ka saya da kuɗinka, su kuma su riƙe nasu. Duk wanda ya ce min ba haka ba ne bai taɓa tsayawa a gaban kanta da mara lafiya a gida ba.

Tsohon Ma'aikaci (2:58)

Na yi shekaru ina aiki a sashen da ke duba irin waɗannan buƙatun kafin in bari, bari in faɗi abin da na sani, ko da Baban Yara zai ji haushina.

Abu na farko, Maman Biyu, har zuwa yanzu babu ɗan Adam ɗaya a kamfanin da ya karanta labarin ɗanki. Duka biyun da aka ƙi, na'ura ce ta ƙi, cikin daƙiƙa. An loda mata dokoki: magani kaza, adadi kaza a wata, shekaru kaza. Mil 300 yana ƙasa da iyakar shi ya sa yake wucewa shiru. Da aka ce 450 sai ya taɓo ta, ita kuma ta tayar da ɗaya dokar. Mai yiwuwa kuma an sabunta jerin magungunansu, domin kowane kamfani yana da jerin abin da ya yarda ya biya, kuma ana taɓa shi lokaci zuwa lokaci, galibi a farkon shekarar yarjejeniya.

Na biyu, wanda yake ɗaukar waya idan kin kira ba shi da ikon buɗewa. Kada ki ɓata ƙarfinki wajen roƙonsa ko yi masa faɗa. Abin da za ki karɓa a hannunsa huɗu ne: ainihin dalilin ƙin kamar yadda yake a rubuce, sunan fom ɗin da likita za ta cike, inda za a aika shi, da lambar shaidar kiran da kika yi. Ki rubuta rana da lokaci da sunan da ya ba ki. Sannan ki furta masa da bakinki cewa buƙatar ta gaggawa ce, maganin zai ƙare Juma'a da dare, kuma yankewarsa haɗari ce ga rai. Layi biyu ne a can ciki. Na yau da kullum yana iya ɗaukar kwanaki, na gaggawa ana duba shi da wuri. Ba a sa takarda a na gaggawa sai an nema.

Na uku, kuma nan ne aka fi faɗuwa: abin da likita za ta rubuta. Na ga fom ba adadi da aka rubuta musu "mara lafiya yana buƙatar maganin" kawai. Wannan ba ya wucewa, don wanda ke dubawa yana da akwatunan da zai cike. Ta sa lambar cutar, farfaɗiya tana ƙarƙashin G40 a kundin rarraba cututtuka na duniya na goma. Ta sa nauyinsa na yanzu, ranar da aka ƙara da dalili, cewa ya faɗi sau biyu a kan tsohon adadin kuma bai faɗi ba a kan sabon, cewa an gwada ƙwaya a wata kaza ya kasa haɗiyewa. Idan duk da haka aka ƙi, tana iya neman magana da likitan kamfanin baki da baki, kuma ke kina da damar neman a ba ki ƙin a rubuce ki ɗaukaka ƙara, daga nan har hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora.

Baban Yara (3:10)

Malam, duk wannan dogon bayanin naka ai shi ne hujjata. Uwa mai yaro mara lafiya sai ta zama lauya kuma akawu kafin a ba ta abin da aka riga aka cire mata kuɗinsa? Wanda bai iya karatu ba fa? Wanda ba ya cikin zaure irin wannan fa?

Tsohon Ma'aikaci (3:24)

Ban musa maka wannan ba. Gaskiya ne mutane da yawa suna haƙura daga ƙin farko, kuma kamfani ba ya asara idan sun haƙura. Na sani, na gani, yana cikin abin da ya sa zaman ya ishe ni. Amma ba zan ce duk dokokin banza ne ba. Na taɓa ganin ana karɓar magani da sunan mutumin da ya daɗe da rasuwa. Na ga an rubuta wa mutum magunguna biyu daga likitoci biyu waɗanda haɗa su haɗari ne, na'urar nan da muke zagi ita ta kama. Kuɗin kuma na jama'a ne da aka tara, idan aka bar shi a buɗe masu wawaso za su riga mara lafiya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora nauyin gyara a kan wanda ya fi kowa rauni a cikin lamarin. Likita da kanti da kamfani suna da waya da imel, su ya kamata su yi magana da juna, ba uwa ta zama 'yar aike a tsakaninsu ba.

Anti Famasis (3:41)

Ni ma in sa baki, don mu ne muke shan zagin. Wallahi babu abin da ya fi ciwo irin magani yana bayanka a kan kanta, uwa tana gabanka, kwamfuta ta ce a'a. Idan na bayar ba tare da amincewa ba, kamfani ba zai biya ba, asarar ta kantin ce, wani wurin ma daga albashin wanda ya bayar za a cire.

Maman Biyu, ki tambayi famasis ɗin naki abu biyu. Ko zai iya ba ki na 'yan kwanaki a matsayin gaggawa kafin amsa ta zo, domin dokar wurare da yawa ta yarda da haka ga maganin da ba a yanke shi. Levetiracetam ba ya cikin magungunan da ake kullewa a kabad. Da phenobarbital ne da abin ya fi tsauri, shi yana cikin jerin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Na biyu, ko zai iya shigar da mil 300 kawai a yanzu a matsayin na kwana 20, wani lokaci hakan yana kauce wa dokar adadi.

Sannan a wasiƙar likita babu laifi ta ambaci cewa wannan ba maganin alfarma ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin magungunan da ta ce kowace ƙasa ta tanada, tun 1977 take fitar da shi, tana sabuntawa duk shekara biyu, kuma a 2023 ta sa levetiracetam a ciki. Ita hukumar ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata. Ɗanki yana cikinsu, ga shi an samu adadin da ya riƙe shi.

Hajiya Kaka (4:05)

Ku gafarce ni in shigo da nawa tunda masana suna kusa. Maigidana yana allurar insulin, irin mai kamar biro. Kowane wata biro biyu suke ba mu su ce na kwana 30 ne, amma kullum sai ya ƙare saura kwana biyu ko uku. Har na fara zargin ko ni ce nake yi masa fiye da ƙima, don idona ba kamar da ba.

Anti Famasis (4:16)

Hajiya, nawa yake yi a rana? Kuma kina fitar da kaɗan a iska kafin ki yi masa?

Hajiya Kaka (4:19)

Awo 20 na jikin biron, da dare. Eh, nas ta koya min in murɗa 2 in fitar tukuna, in ga ɗigo a bakin allurar.

Anti Famasis (4:27)

To ba idonki ba ne Hajiya, daidai kike yi, kada ki daina. Kowane biro yana da 300, biyu 600. Su sun raba da 20 sun samu kwana 30. Ke kuma 22 kike kashewa kullum, wanda yake kwana 27 da ɗan kai. Ga kwana ukunki nan. Ki ce wa likitansa ya rubuta a takardar cewa har da 2 na gwajin allura, sai lissafin ya daidaita.

Hajiya Kaka (4:30)

Ikon Allah. Shekara guda ina zargin kaina. Allah ya yi miki albarka 'yata.

Maman Biyu (Alhamis, 6:50 na yamma)

Yau tun bakwai ina asibiti. Na rubuta duk abin da Malam ya lissafa a takarda na miƙa wa likitar, ina jin nauyi kada ta ga kamar ina koya mata aiki. Ba ta ji haushi ba ko kaɗan, ta ce da kowa zai zo da haka da ta huta. Ta cike, ta sa hannu, ta buga hatimi, aka aika ƙarfe 11. Na ɗauki hoton kowane shafi.

Ƙarfe 3 na kira kamfani da lambar jiya. Wai ba su ga komai a kan sunansa ba. Na ce an aiko, ga hoto a hannuna. Aka ajiye ni, aka dawo, aka ce babu. Zuciyata ta yi nauyi har na zauna a kan matakala. Sai na tuna Malam ya ce a riƙa tambayar ainihin abin da ke rubuce, na ce wa matar don Allah ta karanta min bayanan yaron kamar yadda suke a wajensu. Ta karanto suna daidai. Da ta zo ranar haihuwa sai ta ce 11 ga watan 4. Ɗana 4 ga watan 11 aka haife shi. A wajensu aka juya tun ranar rajista, asibiti kuma suka rubuta daidai, shi ya sa fom ɗin ya shiga bai samu mai shi ba.

Ta ce in turo takardar haihuwa ta imel, na tura nan take ina zaune a wurin. Ta ce gyaran zai iya kaiwa gobe. Maganar ba da na gaggawa, famasis ya ce zai ba ni na kwana uku gobe idan amsa ba ta zo ba, in biya, ya rubuta min rasit. Mil 300 ɗin ma ya gwada, bai wuce ba. Bayan na dare saura mil 20.

Nas Ɗin Dare (7:02)

Sannu Maman Biyu, sannu da ƙoƙari. Wannan juyin rana da wata ba ƙaramin ɓarna yake yi ba, har sakamakon gwajin jini yana ɓacewa a kansa. Kowa ya ɗauko katinsa yau ya duba, da na 'ya'yansa, harafi da harafi.

Tsohon Ma'aikaci (7:15)

Kin yi daidai da kika sa ta karanta. Gobe ki kira da zarar sun buɗe, kada ki jira su kira ki, don Juma'a ce, abin da bai fita kafin a tashi ba sai Litinin. Ki ce a haɗa fom ɗin da ya shigo ranar Alhamis ƙarfe 11 da fayil ɗin da aka gyara, kuma ki sake cewa na gaggawa ne. Idan ta kai ga saye, rasit ɗin ya nuna sunan yaro, sunan magani, ƙarfinsa, adadi da rana. Ki tambaye su tun kafin ki saya ko suna mayar da kuɗi da wa'adin da suke karɓar rasit, wasu suna da shi, wasu ba sa mayarwa idan ba a sanar da su ba.

Ɗan Auta (7:31)

Anti Famasis, yaron maƙwabcinmu ma yana shan maganin farfaɗiya na ruwa. In karɓo mata kaɗan?

Anti Famasis (7:36)

Niyyarka mai kyau ce amma a'a. Magungunan farfaɗiya suna da yawa, ba ɗaya ba ne, ƙarfinsu ma ya bambanta. Kuma ka rage wa wancan yaron nasa, shi ma a ƙirge yake.

Baban Yara (8:10)

Maman Biyu, na yi zafi jiya, ba da ke nake ba. Mahaifiyata na tuna, sati biyu muka yi muna bin izinin maganinta na zuciya, kullum gobe. Idan ta kai ga saye gobe kuma abin ya yi miki nauyi, ki yi min magana ta gefe. Ba na son jin Asabar ta yi babu.

Maman Biyu (8:14)

Na gode Yaya, Allah ya bar zumunci. Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Baban Yara (8:16)

Ta rasu bara. Allah ya ji ƙanta.

Hajiya Kaka (8:18)

Allahu akbar. Allah ya gafarta mata, ya sa aljanna ce makoma.

Maman Biyu (Juma'a, 4:35 na yamma)

Alhamdu lillahi, an amince. Sau uku na kira. A na ukun aka ba ni lambar izini, na rubuta ta a tafin hannuna don babu takarda kusa. Sun ce ta shekara guda ce.

Sai dai ina da tambaya kafin in ba shi. Kwalba ɗaya ce kawai a kantin, sauran mil 150 sai Litinin, ya rubuta min a takarda cewa ina bin su. Kuma ba irin kwalin da muka saba ba ne. Namu fari ne da shuɗi, wannan kore ne, sunan da aka rubuta da manyan baƙi ma daban. Famasis ya ce duk ɗaya ne, amma bayan abin da na gani a makon nan ina son in ji daga bakinki Anti.

Anti Famasis (4:49)

Barka, barka! Ki duba ƙasan babban sunan, za ki ga an rubuta levetiracetam da ƙananan baƙi, da 100 mg/ml. Kin gani?

Maman Biyu (4:51)

Eh, ga shi nan, duka biyun.

Anti Famasis (5:06)

To shi ne. Babban sunan na kamfanin da ya yi ne, ƙaramin shi ne sunan maganin na asali, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take bai wa kowane magani tun 1953 don ya zama ɗaya a ko'ina. Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana da kariyar shekara 20 daga ranar da ya nemi rajistar ƙirƙirar, bayan nan wasu ma suna iya yi, da sharaɗin su nuna nasu yana shiga jini kamar na farkon.

Amma tsoronki yana da tushe, don a farfaɗiya ba kowane magani ake sauya wa kamfani kai tsaye ba. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta kasa su gida uku. Gidan farko, phenytoin da carbamazepine da phenobarbital da primidone, ta ce a riƙe mara lafiya a kan na kamfani ɗaya. Levetiracetam yana gida na uku, inda galibi babu damuwa idan an sauya. Da carbamazepine ɗanki yake sha da na ce ki kira likita tukuna.

Ɗanɗanon yana iya bambanta, kada ki yi mamaki idan ya yamutsa fuska. Ki duba sirinjin da ya zo a sabon kwalin da kyau, wani lokaci zanen awonsa ba irin na tsohon ba ne, ki nemo layin 7.5 da rana tsaka kafin dare ya yi. Ki faɗa wa likitarsa an sauya a zuwanku na gaba. Kuma ki rubuta ranar da izinin zai ƙare a inda za ki gani, ki fara neman sabo saura wata guda, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsohon Ma'aikaci (5:20)

Ƙari ɗaya. Izinin a kan mil 450 aka bayar. Yaro yana girma, duk ranar da likita ta sake ƙarawa, ki karɓi sabuwar takarda kafin ki bar ofishinta ko da akwai kwalba cike a gida, ki tambayi kamfani a ranar ko izinin ya rufe sabon adadin.

Maman Biyu (9:12 na dare)

Na ba shi na dare daga tsohuwar kwalbar, saura ɗan mil 5 a gindi. Na gobe da safe daga sabuwar zan ɗiba. Na nemo layin 7.5 na sa masa alama da biro. Ya yi barci.

Hajiya Kaka, kin samu ganin likitan Baba kan maganar biron?

Hajiya Kaka (9:20)

Sai Talata 'yata. Na sa jikana ya rubuta min 22 ɗin a takarda, tana cikin jakata tare da katin.